Marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed da Runduna ta Biyu

Gabatarwa

Duk ɗan Romi da ya taɓa ƙetare Kogin Kaduna ya shiga cikin gari ya san Dandalin Murtala. Wanda ya sauka a filin jirgin sama na Ikeja ya ga sunan nan a rubuce, haka kuma duk mai takardar naira ashirin yana ɗauke da hoton mutumin a aljihunsa. Sai dai mun lura da yawa daga cikin 'ya'yanmu da jikokinmu, musamman waɗanda aka haifa a Legas da Abuja da Fatakwal da sauran birane, sunan kawai suka sani. Idan kuma suka tambayi manya, abin da akan ba su shi ne labarin kwana ɗari biyu da ya yi yana mulkin ƙasa, da na ranar Juma'ar da aka kashe shi.

A bana mun ga ya kyautu mu waiwayi wani ɓangare na rayuwarsa wanda ba a cika tattaunawa a kai ba, wato watannin da ya yi yana jagorantar Runduna ta Biyu ta sojan ƙasa a lokacin yaƙin basasa, daga Agustan 1967 zuwa tsakiyar 1968. Dalilinmu shi ne, halin da ya nuna a bakin Kogin Kwara shi ne dai halin da ya nuna daga baya a Barikin Dodan: jarunta wadda ba a musunta, da gaggawa wadda ba ta jiran shiri. Da su ya ceci Legas, kuma da su aka yi asarar rayuka masu yawa. Wanda bai san tarihin wannan runduna ba, rabin Murtala kawai ya sani.

Asali da karatu

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatun firamare a cikin birni, har da makarantar Gidan Makama, sannan ya shiga Midil ta Kano wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa. Daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, ya gama a 1957. Makarantar nan ce ta yaye da yawa daga cikin hafsoshin Arewa na farko. Yakubu Gowon yana gabansa a can, shi kuwa Muhammadu Shuwa sa'ansa ne, kuma za mu sake haɗuwa da mutanen nan biyu a cikin wannan labari.

Ya shiga aikin soja a 1958, ya yi horon farko a gida da kuma Gana, daga nan aka tura shi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. A 1961 ya fito da muƙamin ƙaramin Laftanar, aka sa shi a sashen sigina, wato masu kula da rediyo da wayar sadarwa tsakanin sojoji. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango. A 1962, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ya zama dogarin Dokta Moses Majekodunmi wanda aka ba riƙon jihar. A 1963 ya zo nan Kaduna yana shugabantar 'yan siginar Birged ta Ɗaya, ya koma Ingila ya yi kwas a makarantar sigina ta Catterick, kuma a wannan shekarar ce ya auri matarsa Ajoke. Ya zama Manjo a 1964, ya zama Laftanar Kanar a Afrilun 1966.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: duk aikin Murtala kafin yaƙi na sigina ne. Bai taɓa riƙe bataliyar sojan ƙasa ba kafin ranar da aka damƙa masa runduna guda.

Mece ce runduna?

Domin a fahimci nauyin da aka ɗora masa, bari mu ɗan yi bayanin tsarin soja, wanda muka gada daga Ingilishi. Mafi ƙanƙantar ƙungiya ita ce ta mutum kamar goma a ƙarƙashin Kofur. Uku irinta su ne filatun, mai mutum talatin da 'yan kai, a hannun Laftanar da Sajensa. Filatun uku su ne kamfani, kamfani huɗu ko biyar su ne bataliya, wadda kan kai mutum ɗari bakwai ko takwas a ƙarƙashin Laftanar Kanar. Bataliya uku su ne birged. Birged uku kuwa su ne abin da soja ke kira dibishin, mu kuma muke cewa runduna, kuma a ƙa'ida Manjo Janar ne ke riƙe ta.

Sai dai masu bindiga kaɗai ba sa zama runduna. Dole a samu 'yan igwa, da injiniyoyi masu gina gada da gyaran hanya, da 'yan sigina, da masu jigilar abinci da mai da harsashi, da likitoci, da makanikai, da hafsoshin ofis masu tsara wa zai tashi, yaushe, ta wace hanya, da wane guzuri. Waɗannan su ne jijiyoyin runduna. Horar da kurtu yakan ɗauki watanni, amma samun gogaggen Saje ko hafsan ofis yakan ɗauki shekaru.

Kakanninmu sun san irin wannan runduna a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 Ingilishi suka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yaƙi Japanawa a Bama, kuma 'yan Arewacin Nijeriya na da yawa a cikinsu. Bayan yaƙin aka rushe su. A farkon 1966 sojan Nijeriya gaba ɗaya bai wuce mutum kamar dubu goma ba. Bataliya biyar ce kawai: ta ɗaya a Inugu, ta biyu a Ikeja, ta uku a Kaduna, ta huɗu a Ibadan, ta biyar a Kano. An raba su birged biyu, ta ɗaya mai hedkwata a Kaduna, ta biyu a Legas. Wato sojan ƙasar duka bai fi girman runduna ɗaya ba.

Shekarar 1966

Wannan ɗan ƙaramin soja ne ya tarwatsa kansa da kansa a 1966. Ranar 15 ga Janairu wasu Manjoji suka yi yunƙurin juyin mulki. A nan Kaduna aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da Birgediya Samuel Ademulegun na Birged ta Ɗaya, da Kanar Ralph Shodeinde. A Legas aka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar James Pam, da Laftanar Kanar Abogo Largema. A Ibadan aka kashe Firimiya Samuel Akintola. Mulki ya koma hannun Janar Aguiyi-Ironsi.

Murtala na cikin hafsoshin Arewa da wannan kisa ya fi ƙona wa rai, kuma bai ɓoye fushinsa ba. Shi ne jigon juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, wanda a cikinsa aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi a Ibadan, tare da hafsoshi da sojoji da yawa 'yan Jihar Gabas a barikoki dabam-dabam. Da farko ra'ayin Murtala shi ne Arewa ta ɓalle, sai da aka yi kwanaki ana tattaunawa a barikin Ikeja kafin ya sauko, aka amince Gowon ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Agusta. A wannan shekarar kuma aka kashe dubban fararen hula 'yan Gabas a garuruwan Arewa, sauran suka gudu gida. Ba za mu tsallake wannan ba, domin shi ne tushen abin da ya biyo baya.

Ranar 27 ga Mayu, 1967 Gowon ya raba ƙasa jiha goma sha biyu. Bayan kwana uku Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya yi shelar kafa Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara musayar wuta. A lokacin manyan hafsoshi da yawa sun mutu, wasu masu yawa kuma sun koma Gabas, saboda haka ƙasa ta shiga yaƙi da soja wanda ba shi da isassun shugabanni.

Yadda aka haɗa Runduna ta Biyu

Shirin farko na gwamnatin tarayya shi ne a danna daga Arewa. Sojojin Birged ta Ɗaya ta Kaduna, a ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, suka nufi Nsuka da Ogoja, kuma su ne suka zama Runduna ta Ɗaya. Wasu kuma a ƙarƙashin Benjamin Adekunle suka bi ta teku suka kama Bonny a ƙarshen Yuli, su ne daga baya suka zama Runduna ta Uku. Ba wanda ya yi tanadin yaƙi a yammacin Kogin Kwara.

Ranar 9 ga Agusta, 1967 sojojin Biyafara a ƙarƙashin Victor Banjo suka ƙetare gadar Anaca suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma cikin yini guda. Gwamnanta, David Ejoor, ya tsere daga Binin. Cikin kwanaki kaɗan suka isa Ore, kimanin kilomita ɗari biyu daga Legas, wadda ita ce babban birnin ƙasa a lokacin. Hankalin kowa ya tashi.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka fafe Runduna ta Biyu. Aka kira Murtala, yana ɗan shekara ashirin da takwas, shekara shida kacal da zamansa hafsa, aka ce ya kafa runduna ya tare abokan gaba. Ya tattaro duk wanda ya samu a barikokin Legas da Ibadan: akawu, da kuku, da masu hidimar hafsoshi, da tsofaffin sojoji 'yan fansho, cikinsu har da mazan jiya da suka ga yaƙin Bama, da samari kurata waɗanda horonsu bai wuce na 'yan makonni ba. Motocin ɗaukar su ma na 'yan kasuwa ne aka ƙwato a kan hanya. Aka tsara su birged uku: ta shida a hannun Alani Akinrinade, ta bakwai a hannun Godwin Ally, ta takwas a hannun Francis Aisida.

A takarda dai runduna ta cika. A zahiri kuwa, hafsoshin da ya kamata su riƙe kamfani su ne ke riƙe da birged, Sajoji sun zama hafsoshi dare ɗaya, kuma sojoji da yawa ba su san shugabanninsu ba, shugabannin ma ba su san su ba. Injiniyoyi da masu jigila da hafsoshin ofis duk sun yi ƙaranci. Abin da ya riƙe wannan taro wuri guda shi ne kwarjinin mutum ɗaya.

Daga Ore zuwa Binin

A nan ne halin Murtala ya yi amfani. Bai tsaya jiran kayan aiki su cika ba. Ya sa wani sashe na rundunar ya tsaya wa abokan gaba a Ore, ya kuma zagayo da wani ta arewa, ta Okene da Auchi, domin ya faɗo wa Binin ta inda ba a zata ba. Shi da kansa yakan kasance a bakin daga, abin da ya sa kuratan da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba suka dake. Sojojin Biyafara, waɗanda su ma ba su da yawa kuma shugabanninsu sun fara zargin juna, suka ja da baya.

Ranar 20 ga Satumba, 1967 Runduna ta Biyu ta shiga Binin, sa'o'i kaɗan bayan kantoman da Biyafara ta naɗa, Manjo Albert Okonkwo, ya yi shelar wata jamhuriya wadda ba ta yi kwana biyu ba. Nan take Murtala ya shiga gidan rediyo ya naɗa Manjo Samuel Ogbemudia ya riƙe jihar, ba tare da ya jira izini daga Legas ba. Gowon ya tabbatar da naɗin daga baya. Cikin mako shida an kawar da barazanar da ke kan Legas, kuma wannan nasara ce da ba wanda zai ƙwace wa Murtala da mutanensa.

Asaba

A farkon Oktoba rundunar ta isa Asaba, gari na ƙarshe a yammacin kogi, mai kallon Anaca. Sojojin Biyafara sun riga sun ƙetare, sun kuma karya gadar a bayansu. Abin da ya faru a Asaba cikin kwanakin nan shi ne tabo mafi muni a tarihin rundunar. Sojoji suka riƙa bi gida-gida suna kashe maza bisa zargin goyon bayan Biyafara. Ranar 7 ga Oktoba mutanen gari suka fito cikin fararen tufafinsu na al'ada, suna rawa da waƙa domin nuna goyon bayan Nijeriya ɗaya, da fatan a daina kisan. A unguwar Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata da ƙananan yara, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwan mutane suka mutu, aka binne da yawansu a manyan ramuka.

Tun farkon yaƙi Gowon ya rarraba wa sojoji ƙa'idojin aiki waɗanda suka hana taɓa farar hula, kuma akwai shaidar cewa wasu sojoji da hafsoshi sun ɓoye mutane sun cece su a ranar. Amma ƙa'ida a takarda tana buƙatar Saje da hafsa masu horo da za su tsaya a kanta, kuma su ne rundunar ba ta da su isassu. Ba a taɓa gurfanar da kowa gaban kotu kan kisan Asaba ba. An kawo maganar gaban Kwamitin Oputa wanda Shugaba Obasanjo ya kafa a 1999, sannan a 2017 wasu masana biyu, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, suka wallafa littafi a kai bayan sun saurari waɗanda suka tsira. Mu dai abin da muka sani a aikin shugabanci shi ne, abin da 'yan ƙasa suka aikata yana kan wuyan na sama. Murtala ne kwamandan rundunar, saboda haka ba a raba sunansa da Asaba, kamar yadda ba a raba shi da Ore da Binin.

Bakin kogi

Mu mazauna kudancin Kogin Kaduna mun san yadda kogi yake a ƙarshen damina. To, Kogin Kwara a tsakanin Asaba da Anaca ya ninka namu sau da yawa, gadar da aka gama a 1965 ta kusa kilomita ɗaya da rabi, ga shi kuma watan Oktoba ne, ruwa ya cika ya batse. A ɗaya gaɓar sojojin Biyafara sun ja daga suna jira.

Hedkwatar soja a Legas ta ba da shawarar a hau arewa a ƙetare ta Idah, inda gaɓa biyun ke hannun gwamnati, sannan a gangaro wa Anaca ta ƙasa. Wasu daga cikin hafsoshinsa ma haka suka gani. Murtala ya ƙi. A ganinsa zagayen zai ba abokan gaba lokacin shiri, gara a afka musu tun suna cikin ruɗani. Aka tattara jiragen fito da kwale-kwale, aka loda sojoji.

Ayarin farko ya sauka Anaca ya shiga gari. Maimakon su kafa daga su tsare mashigar ruwa, sojoji da yawa suka watse cikin gari neman ganima, babbar kasuwar Anaca ta ƙone, taimakon da ake jira daga Asaba bai iso a kan lokaci ba. Sojojin Biyafara, cikin shugabanninsu har da Joe Achuzia, suka juyo suka rutsa su da kogi a bayansu. Wanda harsashi bai samu ba, ruwa ya ci shi, kaɗan ne suka komo. Murtala ya sake gwadawa karo na biyu, ya sake na uku, duka aka kwashi kashi a hannu. Akinrinade, wanda ya yi adawa da shirin, ya bar rundunar, daga baya ya koma Runduna ta Uku. Mutanen da suka nutse a wurin 'ya'yan talakawa ne daga kowane sashe na ƙasar nan, da yawansu ba su iya iyo ba, kuma ba a san kabarinsu ba.

Idah, Anaca da Abagana

Daga ƙarshe sai da aka koma ga shawarar farko. Murtala ya sake tara kurata ya cike gurbin waɗanda aka rasa, ya ƙetare ta Idah, ya ratsa yankin da ke hannun Runduna ta Ɗaya, ya gangaro ta Awka. A watan Maris na 1968 Anaca ta faɗo hannunsa, wata biyar bayan yunƙurin farko. Sauri ya haifi nawa.

Murna ba ta daɗe ba. Ranar 31 ga Maris wani dogon ayarin motoci kusan ɗari, ɗauke da harsashi da mai da abinci da sojoji, ya taso zuwa Anaca a jere a kan hanya ɗaya. A Abagana sojojin Biyafara ƙarƙashin Manjo Jonathan Uchendu suka yi masa kwanton ɓauna da makamin da suka ƙera da kansu, wanda suke kira ogbunigwe. Wuta ta kama tankar mai, ta bi motocin harsashi ɗaya bayan ɗaya, kusan ayarin duka ya ƙone. Wannan ma ciwon tsari ne, domin haɗa mai da albarusai da mutane a layi guda, ba tare da an share gefen hanya ba, kuskure ne da gogaggun hafsoshin jigila kan kauce masa.

Akwai kuma wata matsalar da ta shafi yaƙin gaba ɗaya. Rundunonin uku kowace tana tafiya kamar ƙasa mai cin gashin kanta, kwamandojinsu na gasar neman makamai da kurata, ba kuma koyaushe suke sanar da juna shirinsu ba. Shuwa mutum ne mai bi sannu, ba ya matsawa sai ya tabbatar da guzuri da hanyar baya, Murtala kuwa akasin haka. Tsofaffin abokan karatun nan biyu ba su cika jituwa a fagen daga ba, kuma hanyar Inugu zuwa Anaca ba ta zauna lafiya ba har kusan ƙarshen yaƙi.

A tsakiyar 1968 Murtala ya bar rundunar, Ibrahim Haruna ya karɓe ta. A Mayun 1969 Gowon ya sauya kwamandojin duka uku: Iliya Bisalla ya gaji Shuwa, Gibson Jalo ya gaji Haruna, Olusegun Obasanjo ya gaji Adekunle. Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan. Sojan da ya fara da mutum kamar dubu goma ya ƙare da kusan dubu ɗari biyu da hamsin.

Kwana ɗari biyu

Murtala ya koma aikinsa na sigina, ya yi kwas ɗin manyan hafsoshi a Ingila, ya zama Birgediya a 1971. A Agustan 1974 Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na tarayya. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, wasu Kanarori suka hamɓarar da shi ba tare da zubar da jini ba, suka miƙa mulki ga Murtala, da Obasanjo a matsayin na biyu, da Theophilus Danjuma a matsayin hafsan hafsoshin sojan ƙasa.

Ya mulki ƙasa kamar yadda ya jagoranci runduna. Ya soke ƙidayar 1973 mai cike da rigima. Ya tunkari cunkoson jiragen siminti a tashar Legas. Ya sa ranar 1 ga Oktoba, 1979 domin mayar da mulki ga farar hula, ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola duk da matsin lambar Amurka, ya kuma kare matsayin nan a Adis Ababa ranar 11 ga Janairu, 1976. Waɗanda a cikinmu suke makaranta a lokacin ba su manta yadda ma'aikata suka koma zuwa ofis a kan lokaci ba.

Amma gaggawar nan ta bar nata raunin. An kori ma'aikatan gwamnati fiye da dubu goma cikin 'yan watanni, da mai laifi da marar laifi, da yawa ba tare da an saurare su ba. Masana da dama na ganin tun daga lokacin ma'aikaci ya daina amincewa da gobensa. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ya mayar da jihohi goma sha tara, Jihar Arewa ta Tsakiya ta koma Jihar Kaduna, ya kuma amince da shawarar Kwamitin Aguda ta gina sabon babban birni a Abuja. Ƙasar da aka yanka, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita dubu takwas, ba kango ba ce. Gidajen Gbagyi ne da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu. An fara da alkawarin sake wa kowa matsuguni, daga baya aka sauya shirin saboda tsada, kuma ko bayan gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, maganar diyya da matsuguni ba ta mutu ba. Duk mai dangi a can ya san wannan.

Rasuwarsa

Babban aikin da ya rage shi ne sojan da yaƙi ya kumbura. Barikoki ba su isa ba, albashi na cinye kuɗin ƙasa, kuma dubban mutane na ɗauke da muƙaman da aka ba su cikin gaggawar yaƙi. Gwamnatin Murtala ta ƙudura rage yawansu, abin da ya tayar da hankalin wasu hafsoshi, ga kuma ƙorafi kan ƙarin girman da aka yi wa na sama a Janairun 1976, lokacin da shi kansa ya zama cikakken Janar.

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, da safe, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis cikin baƙar marsandi, ba jiniya ba rakiyar masu tsaro kamar yadda ya saba, motarsa ta tsaya a cunkoso a Ikoyi. Sojojin da ke tare da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Ya rasu yana da shekara talatin da bakwai, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. A wannan yunƙurin ne kuma aka kashe gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo, wanda tsohon hafsan Runduna ta Biyu ne. Juyin mulkin bai yi nasara ba. An binne Murtala a Kano, an kuma harbe Dimka da Bisalla da wasu da dama bayan shari'ar soja. Motar tana ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta.

Kammalawa

Runduna ta Biyu tana nan har yau da hedkwatarta a Ibadan, ta Ɗaya tana nan Kaduna, kuma lambobin 81 da 82 na mazan Bama an raya su a rundunonin Legas da Inugu. Hafsoshin da ke jagorantar su yanzu sukan shafe shekara kusan talatin suna hawa mataki-mataki kafin a damƙa musu abin da aka damƙa wa Murtala yana ɗan shekara ashirin da takwas.

Ba mu rubuta wannan domin mu rage masa daraja ba, ba kuma domin mu wanke shi ba. Ƙasa ta kira shi a ranar da ba ta da shiri, ya amsa, ya tare abokan gaba a Ore. Amma mutanen Asaba da kuratan da Kogin Kwara ya ci su ne suka biya kuɗin rashin shirin nan, da kuɗin ƙin sauraron shawara. Muna roƙon 'yan uwa da ke birane, idan yaro ya nuna hoton da ke jikin naira ashirin ya yi tambaya, a ba shi labarin duka: da Binin da Asaba, da Adis Ababa da Abagana. Idan kuma akwai tsohon soja da ya rage a gidanku ko a unguwarku, ku zauna da shi ku rubuta abin da ya gani tun yana raye, domin ƙaramin cikinsu a yau ya haura shekara saba'in.

Allah Ya jiƙan duk waɗanda suka rasa rayukansu a wannan yaƙi, ta kowane ɓangare, Ya kuma kiyaye ƙasarmu daga ganin irinsa.